Kafin Hunturu Ya Kankama: Yadda Za Ka Tsare Gona, Rumbu da Makiyaya Daga Wutar Daji

Shekarar da kawuna ya yi asarar dawarsa a wani ƙauyenmu na ƙasar Gummi, yara uku ne suka jawo abin. Sun bi gafiya har raminta a gefen wata saura, suka cusa busasshiyar ciyawa a bakin ramin, suka ƙyasta ashana don hayaƙi ya koro ta. Gafiya ta fice ta wata ƙofar ta yi gaba abinta. Wuta kuwa ta kama kyasuwar da ke gefe, iskar hantsi ta ɗauke ta, kafin a kira azahar ta lashe damman da aka jibge a tsakiyar gona ana jiran amalanke. Ina yaro a lokacin, amma har yau ina ganin kawu a tsugune yana tona toka da sanda, yana tsintar zangarniyar da ba ta gama cinyewa ba, ga ƙaurin gasasshiyar dawa ya cika wurin. Bai zagi kowa ba. Cewa kawai ya yi, "Da na share kewayen nan, da ba ta iso ba."

Maganar tasa ita ce gindin wannan jagora. Yawancin aikin kashe wutar daji a Oktoba da Nuwamba ake yinsa, da fartanya da manjagara, tun babu hayaƙi ko ɗaya a sama. Wanda ya bari sai ranar da ta tashi, abin da ya rage masa kaɗan ne.

Mataki na farko: san kwanakin da wuta ke da ƙarfi

A Zamfara da Kebbi ruwa kan ɗauke tsakanin ƙarshen Satumba da tsakiyar Oktoba, kudanci wajen Zuru da Yawuri da Ɗansadau ya fi jimawa da lema. Daga nan gamba da kyasuwa su fara bushewa. Zuwa Nuwamba iskar hunturu ta fara busowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara babu ɗigon danshi a cikinta. A Disamba da Janairu danshin iska da rana kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, shi ya sa leɓe ke tsagewa, kaushi ke fashewa. Abin da ya yi wa ƙafarka shi ya yi wa ciyawa. Siririyar ciyawa ba ta riƙe lema: raɓar asuba ta jiƙa ta, rana ta ɗaga da awa ɗaya ko biyu ta koma kamar auduga. Daga Fabrairu zuwa Afrilu kuma zafi ya shigo, wani lokaci ya haura digiri 40, ga guguwa tana yawo a fili. Wutar wannan lokacin ita ce mai kashe itatuwa, domin ta fi zafi, kuma ta tarar da su a galabaice.

Masu aikin kashe gobarar daji a Kanada da wasu ƙasashen Turai suna da wani ma'auni mai sauƙin riƙewa, 30 uku: zafi ya haura digiri 30, danshi ya gaza kashi 30, iska ta wuce kilomita 30 a awa. In ukun suka haɗu, ranar ta haɗari ce. A wurinmu biyun farko kusan kullum a haɗe suke daga Fabrairu, saboda haka iska ce abin dubawa. Ba ka buƙatar na'ura. Ɗebi ƙasa a hannu ka sake ta daga tsayin ƙirji. In ta zuba kusa da ƙafarka, da sauƙi. In ƙurar ta yi gefe, ko kana jin zana na kaɗawa, ko rassan darbejiya na rangaji, kada a kunna komai a fili. Sannan ka murza ciyawa a tafin hannu: wadda ta lanƙwashe tana da sauran rai, wadda ta karye ta zama gari ta gama shiri. Hukumar NiMet na fitar da hasashen yanayi, gidajen rediyo kan karanta, yana da kyau a riƙa saurara, amma gwajin hannun nan shi ne naka na yau da kullum.

Mataki na biyu: share hanyar tare wuta

Nan ne aikin yake, don haka zan daɗe a kansa.

Hanyar tare wuta fili ne da aka share tas har ƙasa ta fito, ya zagaye abin da kake son tsarewa. Wutar ciyawa ba ta tafiya a kan ƙasa tsirara. Ta iso ta rasa abin ci, ta kwanta, ko aƙalla ta rage ƙarfi yadda mutum biyu za su iya gamawa da ita.

Fara da gefen arewa da gabas, domin ta nan iskar hunturu ke kawo wuta. In ƙarfinka bai kai ka zagaye gonar duka ba, to waɗannan gefuna biyu dole ne. Bayan su sai duk gefen da ya yi iyaka da saura, burtali, titi ko hanyar mafarauta.

Faɗin fa? Ka dubi tsayin ciyawar da ke waje. Harshen wuta kan fi abin da yake ci tsawo, iska kuma ta kwantar da shi gaba. Saboda haka faɗin hanyar ya ninka tsayin ciyawar aƙalla sau 3. Inda ciyawa iya gwiwa ce, taki 3 zuwa 4 na babban mutum ya wadatar. Inda gamba ta fi mutum tsawo, kada ka yi ƙasa da taki 6 zuwa 10. A Jamhuriyar Nijar, inda ake share irin waɗannan hanyoyi a makiyaya duk shekara bayan damina, faɗinsu kan kai mita 15 zuwa 20, ga tsawo na kilomitoci, don can fili ne fetal babu abin da ke karya iska. Abin da na fi gani a gonakinmu shi ne mutum ya ja ɗan layi mai faɗin tabarma ya ce ya yi shara. Wannan ta'aziyyar kai ce kawai. Wuta za ta tsallake shi ba tare da ta san yana nan ba.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne da ɗaukewar ruwa, ƙasa na da sauran taushi. Mai garmar shanu ya ja kunya 5 ko 6 a jere ya kife ciyawar, aikin yini guda ya wadatar da gona matsakaiciya. In ka bari ƙasa ta ƙeƙashe, sai dai fartanya da zufa. Ciyawar da ka share kada ka tara ta a bakin hanyar, ka gina wa wuta gada ke nan. Kwashe ta ka kai wa dabbobi, ko ka ja ta can nesa. Gamba ma kuɗi ce, masu zana da jinka na nema.

Akwai dabarar da ke rage wahala inda fili ya yi yawa. A share layi biyu sirara, kowanne taki 2, a bar taki 8 zuwa 10 na ciyawa a tsakaninsu, sannan a ƙone tsakiyar. An samu hanya mai faɗi da rabin aiki. Amma wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma ba a yinsa da rana. Da la'asar sakaliya ake yi, iska ta kwanta, ciyawa na da sauran kore-kore, mutum 6 ko fiye suna tsaye da ɗanyen ganye a gefe biyu. A ƙona taki 20, a kashe, a matsa gaba. Ka tuna a Nuwamba dawa na tsaye a gonaki ba a girbe ba, kuskure kaɗan ya isa ya haɗa ka da maƙwabci har gaban alƙali.

Ka kuma ɗaga kai ka duba sama. Reshen da ya rankwafo ya haye hanyar, a sare shi. Busasshen kututture da ke kusa, a cire, domin shi kan ci wuta a ciki kwana biyu yana tartsatsi bayan kowa ya koma gida. Ganyen da ya zuba cikin hanyar a sake sharewa duk bayan mako 2 ko 3, musamman a Janairu da itatuwa ke kaɗe ganye. Inda akwai rafi, fako, dutse ko hanyar mota, haɗa sharar da su, sun rage maka aiki.

Gonar mutum ɗaya a tsakiyar gonaki goma da ba a share ba tana cikin haɗari duk da haka. Shi ya sa gayya ta fi. Sarkin noma ya sa rana, a zagaye gonakin gefe ɗaya na gari da hanya guda doguwa, kowa ya kawo hannu.

Mataki na uku: amfanin gona da cikin gida

Kada dami ya kwana a gona fiye da yadda ya zama dole. In dole ne, share fili taki 10 ko'ina kewaye da tarin, kuma kada ka tara duka wuri ɗaya. Kasa shi gida 3, nesa da juna. Masu shinkafa a fadamun Argungu, Suru, Jega da kewayen Bakalori su fi kowa kula da wannan, domin tarin shinkafar da ba a sheme ba da tarin ciyawarta kamar fetur suke. Injin casa da injin ban ruwa su tsaya a share wuri, salansarsu na zafi, kuma ba a zuba musu mai suna aiki.

Harawa da karan da aka ɗora a kan bishiya ko rumfa, a share ƙarƙashinsu. Rumbu ya yi nesa da madafa, a share gindinsa, kada a jingina masa kara. Danga ta kara ko ta zana da ta haɗa gida da gida, ita ce ke kai wuta daga wannan shiyya zuwa waccan, a bar tazara inda zai yiwu. Kaskon jin ɗumi a kashe shi kafin barci. Hadisi ya tabbata cewa da wani gida ya ƙone a Madina da dare, Annabi (SAW) ya ce wuta maƙiyiyarmu ce, a kashe ta in za a kwanta. Toka kuma ba a zubar da ita a juji sai an yayyafa mata ruwa. Gobarar ƙauye da yawa daga tokar da aka zaci ta mutu take tashi.

Mataki na huɗu: gari ya yi dokarsa, hawa-hawa

Doka tana nan a rubuce. Hukumar kula da muhalli ta tarayya, NESREA, tana da ƙa'idojin 2011 kan ƙona daji da kunna wuta a fili, waɗanda suka hana toyi ba tare da izini ba. Gandun daji na gwamnati kuma, irin Kuyambana, dama haramun ne a cinna musu wuta. Sai dai kowa ya san ma'aikacin gandun daji ɗaya ba zai tsare ƙauyuka 30 ba. Kuma a ganina, dokar da ta ce "kada a kunna wuta ko yaushe" ba ta aiki, domin manomi zai yi sassabe, mai zuma zai ci zumarsa, makiyayi zai dafa abinci. Dokar da ba za a iya bi ba, raina ta ake yi.

A jihohin Amurka masu busasshen daji, irin Arizona da New Mexico, hawa-hawa suke yi. A matakin farko sai a hana hura wuta a daji sai a wuraren da aka gina don haka, shan taba ma sai cikin mota ko a share wuri. A mataki na biyu a hana hura wutar gaba ɗaya, a ƙayyade lokacin aiki da injin yankan itace. In abin ya tsananta a rufe dajin. Da ruwa ya sauka a janye. Mutane na bi ne saboda sun san abin na ɗan lokaci ne, kuma ya dace da abin da idonsu ke gani.

Garinmu zai iya yin irin wannan ba tare da takarda ko ɗaya ba. Maigari ya tara sarkin noma, sarkin baka, arɗo, liman da shugaban matasa tun kafin girbi, a yanke abu uku. Daga ɗaukewar ruwa zuwa fara girbi, ana iya ƙona hanyar tare wuta, da yamma, da sanin maigari. Daga fara girbi har a gama kwashe amfani da kara, babu toyi, babu farauta da wuta, babu gawayi kusa da gonaki, mai zuma ya share gindin bishiya kuma ya binne bakin wutarsa kafin ya tafi. Ranar da iska ta tashi kuwa, komai ya tsaya, ko da an ba mutum izini jiya. A yi shela a kasuwa, liman ya faɗa ranar Juma'a, a tura a WhatsApp na gari.

Kada a yi zaman nan babu arɗo. Makiyayi ya fi kowa asara in ciyawar rani ta ƙone, shanunsa ne za su yi tafiyar kwanaki. Gaskiya ne wasu kan cinna wa tsohuwar gamba wuta don ta yi toho, amma tohon na 'yan makonni ne, busasshiyar ciyawar da aka ƙone kuwa da ta kai dabbobi har bazara. In ana zargin juna daga nesa, kowace wuta sai ta zama rigimar manomi da makiyayi, mu kuwa a Zamfara mun ga inda irin wannan rigima ke kaiwa. Yara kuma a yi musu magana kai tsaye a makarantar allo da ta boko. Ashana a aljihun ɗan shekara 10 a watan Disamba abin tambaya ce.

Mataki na biyar: in dole sai ka ƙona

Ni dai ba na ƙona karan gonata. Wuta na kore sinadarin naitirojin ya bi hayaƙi, wato abin da kake sayen yuriya dominsa, ta bar maka toka da iska za ta kwashe kafin ruwan farko. Gara dabbobi su ci karan su bar taki. Amma in akwai ƙaya ko tarkacen sassabe da dole a ƙone, ga yadda ake yi.

Tara shi ƙananan tsibi a tsakiyar gona, kada ka bi fili da wuta. Sanar da maƙwabta na gefe huɗu kwana ɗaya kafin nan. Zaɓi asuba ko bayan la'asar, ba tsakanin hantsi da azahar ba. Tanadi jarka 2 na ruwa, shebur da ɗanyen ganye. Kunna daga gefen da iska ke nufa, yadda wutar za ta riƙa ja da baya tana fuskantar iska a hankali. Nisanci gindin kaɗanya, ɗorawa da gawo, kuma ka kare ƙananan itatuwan da ke tohowa, don su wuta ɗaya ke kashewa. Kada ka bar wurin sai ka tona tokar, ka kusantar da bayan hannunka ka ji babu zafi. Malaman fiƙihun Malikiyya sun yi bayani cewa wanda ya hura wuta a ranar iska mai ƙarfi ta ci dukiyar wani, biya ya hau kansa. "Ban yi da gangan ba" ba ta sauke shi.

Mataki na shida: ranar da ta tashi

Wanda ya fara gani ya yi kururuwa, a buga waya, a faɗa a lasifikar masallaci. A kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa 112 inda akwai sabis, amma kada a zauna jiransu, motarsu daga Gusau ko Birnin Kebbi ba za ta riga iska isowa ba. Mutum ɗaya ya ja ragama. Taron da kowa ke ba da umarni shi ke jawo rauni.

Kafin komai a fitar da yara, tsofaffi da masu asma daga hanyar hayaƙi, a kwance dabbobin da ke turke. Akuya a ɗaure ba ta da dabara.

Ba a tarar wuta ta gaba. Kanta, inda iska ke tura ta, ya fi ko'ina zafi da sauri, wutar ciyawa a iska mai ƙarfi na iya wuce gudun mutum. Ta baya ake farawa, a bi gefunanta biyu ana matse ta, masu aiki na tsaye a kan inda ya riga ya ƙone. Reshen darbejiya ko na sabara mai ganye, ko buhun algarara da aka jiƙa, a riƙa shafe harshen ana tura shi cikin ƙunar. Kada a ɗaga sama a maka da ƙarfi, tartsatsi ne zai watsu. Buhun leda narkewa yake, a bar shi. Injin feshi na goyo, in an wanke shi sarai daga maganin ciyawa, ya fi bokiti amfani nesa ba kusa ba: lita 16 a gindin harshen wuta na kashe layi mai tsawo, na baya kuma ya bi da ganye. Masu shebur su watsa ƙasa.

In harshen ya fi mutum tsawo, a ja da baya. Wannan ba a kashe ta da dukan ganye. A koma hanyar tare wuta ko titi mafi kusa a jira ta can, ana kashe duk tartsatsin da ya tsallako. Wasu kan kunna wata wutar daga bakin hanyar don ta je ta tari mai zuwa. Dabara ce mai aiki a hannun wanda ya saba, amma in iska ta juya an zama da wuta biyu, kuma duk wanda ke tsakani ya shiga uku. Ban da mai jan ragama, kada kowa ya yanke wannan shawara.

Wuta na ƙara sauri in tana hawan tudu, kusan ninki biyu a duk ƙarin gangare na digiri 10. Mutanen ƙasar duwatsu irin Zuru, Kwatarkwashi da Tsafe su riƙe wannan: ba a gudu sama a gabanta. A yi gefe, ko a faɗa inda ya riga ya ƙone, ko fako, ko rafi. A sa kayan auduga da takalmi rufaffe, a ɗaure hanci da ƙyalle. Rigar roba irin ta 'yan ƙwallo manne wa fata take in ta narke.

Sai abin da ya shafi halin da muke ciki. Akwai dazukan da shigarsu yanzu kasada ce, gonakin da aka bari sun zama saura, ciyawa ta yi tsawo babu mai kiwo babu mai yanka. In wuta ta taso daga irin wannan wuri, musamman da dare, kada matasa su bi ta ciki. A tsaya a bakin gari a tsare hanyar da aka share. Wannan ma dalili ne na faɗaɗa sharar gefen daji fiye da ta sauran gefuna.

Mataki na bakwai: bayan ta mutu

A bar mutum 2 ko 3 su kwana suna zagayawa. Kututture, kashin shanu busasshe da ramin gara duk suna riƙe wuta, iskar safe ta tashe ta. Kashin shanun nan musamman, a farfasa shi da shebur a rufe da ƙasa.

Wanda ya ƙone, a zuba wa wurin ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi na minti 20, a cire zobe ko agogo kafin kumburi, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja, gishiri ko toka, kuma ba a fasa bororo. In ƙunar ta fi tafin hannunsa girma, ko ta taɓa fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ko yaro ne, ko muryarsa ta dushe saboda hayaƙi, asibiti kai tsaye.

Asarar kuma a rubuta ta tun toka na da ɗumi: dami nawa, buhu nawa, dabba nawa, na wane ne. A ɗauki hoto da waya, maigari da sarkin noma su shaida, a kai wa ƙaramar hukuma da hukumar agajin gaggawa ta jiha. Wannan takardar ce za a nema in ana maganar tallafi, ita ce kuma za a shimfiɗa in an zauna sulhu da iyayen yaran da suka bi gafiya. A duba inda wutar ta tsallake shara, a auna faɗin wurin da taki, a ƙara masa kafin mako ya zagayo, domin saurar da ke ɗaya gefen garin ba ta ƙone ba tukuna.